Babur mai batir 60V a hunturun Maraɗi: abin da sanyi ke ragewa da abin da yake tonawa

Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Fabrairu, ƙorafin masu babur mai lantarki a Maraɗi kusan iri ɗaya ne. An kwana ana caji, fitilar caja ta koma kore, amma da an fito da sassafe an murɗa totur sai sandunan caji su faɗi biyu lokaci guda, babur ya yi nauyi, kafin azahar kuma ya fara tsinkewa. Wannan bita ce ta baburan da aka fi gani, irin waɗanda ake shigowa da su daga Sin masu mota, wato injin lantarki, a cikin tayar baya da batir 60V 20Ah, tare da batiran litiyom da ake sayarwa a madadin na dalma. Hukuncina tun daga farko shi ne: sanyin Maraɗi bai kai ya kashe batir mai lafiya ba. Yana rage masa ƙarfi kaɗan na ɗan lokaci, sannan yana fito da ɓarnar da zafin bazara da muguwar caja suka riga suka yi masa.

Mu fara da abin da ke ƙarƙashin kujera ko ƙarƙashin matakin ƙafa. Yawanci batira biyar ne na dalma, kowane 12V 20Ah, an jera su a layi ɗaya suka ba da 60V. A jikinsu za ka ga an rubuta 6-DZM-20 ko lamba mai kama da ita, kuma sunayen da suka fi yawa su ne Chilwee da Tianneng, manyan kamfanonin batir na ƙasar Sin. Kowane ɗaya yana da nauyin kilo 6 zuwa 7, wato babur na ɗauke da kilo 30 zuwa 35 na batir kafin mutum ya hau. Mai 48V huɗu gare shi, mai 72V shida. Wannan 20Ah da aka rubuta, an auna ta ne a zafin digiri 25, ana jan amfa 10 na tsawon awa 2. A riƙe wannan, domin a nan duk rigimar take.

A watan Janairu daren Maraɗi kan sauka zuwa wajen digiri 13, wani lokaci ƙasa da haka gab da asuba, da rana kuma ya hau wajen 30. Babur da ya kwana a tsakar gida, da safe batirinsa na kusa da sanyin dare, don dalma da ruwan batir ba sa saurin ɗumama. Ruwan asid ɗin da ke ciki yana yin kauri idan ya sha sanyi, kamar yadda zuma ke ƙin zuba daga kwalba da safen hunturu, sai ya kasa ratsa ƙofofin farantan dalma da sauri. Aikin sinadari ya ragu, turjiyar cikin batir ta ƙaru. Ƙa'idar da ake aiki da ita ita ce batirin dalma na rasa kusan kashi 1 cikin 100 na abin da yake iya bayarwa a kan kowane digiri ɗaya da aka sauka ƙasa da 25, idan ana jan wuta da ƙarfi irin na babur. Daga 25 zuwa 13, asarar ba ta wuce kashi 10 zuwa 12. Kuma wutar ba ɓacewa ta yi ba, tana nan ciki. Da rana ta ɗaga batir ya ɗumama, za ta fito.

Ga lissafin a ƙasa. 60V sau 20Ah ya ba da wat-awa 1,200. Ba a samun duka a kan hanya, domin babur yakan ja fiye da amfa 10 kuma kwantirola, na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa mota daga batir, na yanke wuta kafin batir ya ƙare sarai. A ɗauka ana samun 950. Babur irin wannan da mutum ɗaya a kan kwalta, gudun kilomita 30 zuwa 35 a awa, yana cin wajen wat-awa 25 a kowace kilomita. Kilomita 38 ke nan, ko da mai shago ya ce 60. Da safen hunturu 950 ta koma wajen 850, cin wuta kuma ya hau zuwa 28 saboda dalilan da za mu zo kansu, sai tafiya ta dawo kilomita 30. Wannan sabon batir ne. Wanda ya riga ya ci bazara ɗaya ya koma kashi 75 na ƙarfinsa, kilomita 22 ko 23 zai yi. Zuwa Tibiri da dawowa, wanda a da ake yi hankali kwance, sai ya zama ana dawowa da addu'a. Madarunfa kuwa, mai nisan wajen kilomita 25, ba a zuwa a dawo da caji ɗaya ko da batir sabo ne.

Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne tsinkewar babur alhali allon gaba na nuna akwai sauran caji. Dalilinsa a fili yake. An saita kwantirola ta yanke wuta idan kowane batir ya sauka zuwa 10.5V, wato 52.5V ga mai biyar, 42V ga mai huɗu, 63V ga mai shida. Lokacin tashi daga tsaye, ko hawan gangare, ko shiga rairayi, kwantirola na jan amfa 30 ko kusa da haka, sai ƙarfin wutar ya nutse gwargwadon turjiyar batir. A sabon jeri nutsewar ba ta wuce 2V ko 3V. A tsohon jeri ta kan kai 6V, sanyi ya ƙara mata ɗaya ko biyu. Idan batir na rabin caji yana nuna 60V a tsaye, ka cire 8V, ka ga an taɓa layin yankewa. Ka saki totur, wuta ta dawo, sandunan allo su sake cika, ka murɗa ya sake tsinkewa. Allon waɗannan baburan ƙarfin wuta kawai yake karantawa, ba ya ƙidaya abin da aka ci, don haka ba a dogara da shi sai ana cikin tafiya a kan gudu ɗaya. Wannan rauni ne na kayan, kuma da wuya mai sayarwa ya faɗa maka.

Ba batir kaɗai ke da laifin ƙarancin tafiya ba. Iskar taya na raguwa da sanyi: tayar da aka ba iska har ma'auni ya nuna bar 2.5 da rana a digiri 30, da asuba a digiri 13 za ta nuna kusan 2.3, kuma yawancin mutane dama ba sa dubawa sai ta kwanta. Taya mai laushi na shan wuta sosai. A duba ta da safe kafin a fita, sau ɗaya a mako, kada a wuce lambar da ke rubuce a gefen tayar. Ga kuma iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas. Mai dawowa gari daga kudu ko mai nufar gabas a kan hanyar Tasawa yana turo ta da ƙirji. Turjiyar iska na ninkuwa huɗu idan gudun da kake ratsa ta ya ninka biyu, shi ya sa rage gudu daga 40 zuwa 30 ke dawo da kilomitoci da yawa fiye da duk wata dabara.

Ƙura kuma nata aikin daban. Tana shiga ramin da ake soka caja, tana taruwa a kan fankar caja har ta daina juyawa, tana haɗuwa da giris a boris ɗin taya, tana maƙale ƙaramin makunnin da ke hannun birki wanda ke yanke mota idan an taka. Idan wannan makunni ya maƙale, babur ba zai tashi ba sam ko da batir cike yake, kuma an sha zargin batir a kan haka. A ɗaga tayar baya a kan ƙafar tsakiya a juya ta da hannu. Idan ta tsaya nan take ko ana jin gurzawa, birki ne ke kamawa ko boris ya bushe. A hure ramin caji da iska, kada a wanke shi da ruwa, a riƙa rufe murfinsa.

Yanzu ga inda na fi ganin laifin kayan: cajar da ake bayarwa tare da babur. Cajar dalma ta 60V tana ba da amfa 2.5 zuwa 3, tana hawa har kusan 74V, sannan ta sauko wajen 69V fitila ta koma kore. Waɗannan lambobi ma na digiri 25 ne. Batirin dalma na bukatar a ƙara masa ƙarfin caji idan ya yi sanyi, a rage idan ya yi zafi, kusan milibolt 3 zuwa 4 (milibolt 1,000 ne 1V) a kan kowace ƙwaya ta cikin batir a kowane digiri. Jerin 60V na da ƙwaya 30, shida a cikin kowane batir, don haka a digiri 13 yana son ƙarin fiye da 1V, a digiri 42 na Afrilu da Mayu kuma yana son a rage masa kusan 2V. Caja mai arha ba ta san wannan ba, lamba ɗaya take bayarwa shekara duka. Sakamakon haka a hunturu tana komawa kore batir bai cika ba, a bazara kuma tana dafa shi: ruwan ciki ya ƙafe ta bawul, farantai su ci tsatsa, a ƙarshe gefen batir ya kumbura. Rayuwar batirin dalma na raguwa da rabi a kan kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25. Wanda ya san yadda ɗaki mai rufin kwano ke zama a Maraɗi a watan Mayu ya san abin da batirinsa ya sha. Idan Disamba ta zo, batir ya riga ya gaji, sanyi kawai ya ƙarasa nuna shi.

Gyaran wannan a hunturu ba ya cin ko dala. A yi caji da an dawo, bayan hutun minti 15 zuwa 30, tun batir na da ɗumin tafiya, maimakon a bari sai tsakar dare. A shigar da babur zaure ko shago ko wani ɗaki mai iska inda sanyin asuba ba ya dukansa kai tsaye, amma ba ɗakin kwana ba. A fara soka caja a jikin babur, sannan a bango. Idan fitila ta koma kore, a ƙara awa 1 zuwa 2 kafin a cire. Gaba ɗaya kada caji ya wuce awa 10 zuwa 12. Idan an kai haka fitila na nan ja kuma batir ya yi zafi a hannu, a cire nan take, domin hanyar kumbura ke nan. Kada a ɗora bargo ko buhu a kan caja don kare ta daga ƙura, zafinta ba zai fita ba. Kuma don Allah kada a matso da kaskon gawayi ko a hura wuta kusa da babur wai don batir ya ji ɗumi. Batirin dalma na fitar da iskar haidurojin lokacin caji, mai kamawa da wuta ce, ga robar jikin babur, ga busasshen yanayin da gobara ke gudu a cikinsa.

Batun kuran ma ya shigo. Wutar NIGELEC 220V ce, kuma yankin Maraɗi ya daɗe yana dogara da layin da ke zuwa daga Katsina. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar a Agustan 2023, ba ta dawo ba sai Maris na 2024, kowa ya ga yadda caji ke zama wahala. Batirin dalma ba ya yafe zama babu caji. Idan aka bar shi a ƙare kwana biyu ko uku, gishirin dalma da ke taruwa a kan farantai yana taurara ya ƙi narkewa, wannan ɓangaren ya tafi ke nan. Don haka ko wuta ta zo ta awa 3 ce, a soka. Mai faranti na hasken rana da inbata mai wat 500 ko fiye zai iya caji da tsakar rana, domin cajar ba ta cin fiye da wat 250. A hunturu wannan ya ma fi, tunda batir ya ɗumama, sai dai a riƙa share ƙurar farantin kullum. Cikakken caji ɗaya na cin wajen kilowat-awa 1.5 a mita.

Kafin a yanke cewa batir ya mutu, a gwada shi, don sau da yawa ɗaya ne cikin biyar ke jan sauran ƙasa. Ana bukatar mitar gwaji irin ta masu gyaran rediyo da kwan fitilar mota mai 12V 55W. A cika caji, a cire caja, a bar shi awa 2. A buɗe ma'ajiyar batir, a cire zobe da agogon ƙarfe daga hannu, a naɗe sifana da tef don kada ta haɗa kawuna biyu. A auna kowane batir shi kaɗai: mai lafiya zai nuna 12.8V zuwa 13.2V, kuma bambancin da ke tsakaninsu bai kamata ya wuce 0.3V ba. Wannan awon bai isa ba, domin mataccen batir ma kan nuna 13V idan ba a ja shi ba. Sai a hau babur har ya fara rauni, a tsaya a sake aunawa nan take. Wanda ya faɗi ƙasa da 11V alhali 'yan uwansa na kusa da 12V shi ne mai laifi. Don tabbatarwa, a cika shi a haɗa masa kwan fitilar, wanda ke jan amfa 4.5 ko ɗan fiye. Batir 20Ah mai lafiya zai riƙe shi awa 4 kafin ya sauka 10.5V. Idan bai kai awa 2 da rabi ba, ya gama aiki. A duba kusoshin kawunan ma. Kai mai sako-sako ko mai farin gari a jiki yana cin 1V ko 2V shi kaɗai, kuma yana zafi.

Idan jerin bai wuce wata 3 ko 4 ba, ana iya canza guda ɗaya da irinsa. Idan ya haura shekara, a canza duka biyar. Sabo a cikin tsofaffi ba ya daɗewa, domin ba sa cika tare kuma ba sa ƙarewa tare. Wajen saye, a nemi ranar ƙira da aka buga a jikin batir, a guji wanda ya yi fiye da wata 6 a ajiye, a ɗora shi a sikeli. 20Ah da bai kai kilo 6 ba, an rage masa dalma. A sa mai shago ya rubuta garanti a takarda da kwanan wata da lambar kowane batir, ya kuma faɗi ko zai canza jeri duka ne ko guda ɗaya.

Sai litiyom, wanda masu kabu-kabu da masu kai kaya ke tambaya a kai. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai NMC, mai ƙwaya 3.7V da ke cika a 4.2V, jerin 60V nasa ƙwaya 16 ne mai caja 67.2V, ko 17 mai caja 71.4V. Akwai kuma LFP, wanda ake rubutawa LiFePO4, mai ƙwaya 3.2V da ke cika a 3.65V, 60V nasa ƙwaya 20 ne, caja 73V. Gargaɗin da ake yawan karantawa cewa kada a yi cajin litiyom a sanyi gaskiya ne, amma na ƙasa da digiri 0 ne, inda ƙarfen litiyom ke kwanciya a kan farantin maimakon ya shige cikinsa, ya lalata ƙwaya har abada. Matsalar Turai ce da Kanada da arewacin Sin, da kuma tsaunukan Ayar a wasu darare. Maraɗi ba ta kaiwa can. A digiri 13 litiyom na rasa 'yan kashi kaɗan, ƙasa da na dalma, kuma da an yi tafiyar minti 10 ya ɗumama kansa. A sanyi mai tsanani LFP ya fi NMC rauni, amma mu nan zafi ne abokin gabarmu wata tara a shekara, kuma a nan LFP ya yi gaba nesa: ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, yana kai caji 2,000 ko fiye, alhali na dalma 300 zuwa 400 yake yi idan an kula da shi. Nauyinsa kilo 10 zuwa 13 ne, wato an sauke wa babur kilo 20, kuma ana iya ciro shi a shigar da shi ɗaki mai inuwa.

Amma litiyom na da nasa tarkon, kuma ya fi na dalma haɗari. Ana harhaɗa wasu da tsofaffin ƙwayoyin da aka ciro daga batiran kwamfuta ko na wasu baburan, a naɗe da shuɗiyar leda a manna takarda mai cewa 30Ah. Irin wannan da safen hunturu yake nuna kansa: ƙwaya mafi rauni ta nutse, allon kariya da ke cikin batirin, wanda ake kira BMS, ya yanke wuta gaba ɗaya, babur ya mutu murus har fitila, ba ya dawowa sai an kashe an kunna ko an soka caja. A tambayi amfa nawa BMS ɗin ke ɗauka. Dole ya fi na kwantirola, idan ita 30 ce shi ya zama 40. A auna nauyi: LFP mai 60V 20Ah da bai kai kilo 9 ba, ƙarya ce a jikin takardar. Kuma kada a taɓa amfani da tsohuwar cajar dalma a kan litiyom don kawai bakinta ya shiga. Cajar da ke kai 74V a kan jerin da iyakarsa 67.2V ce, babu abin da ya rage tsakaninka da gobara sai BMS, shi kuma yana iya lalacewa. Idan za a ajiye babur mai litiyom na makonni, a bar shi a kashi 40 zuwa 60. Na dalma kuwa a cika shi, a sake cikawa duk wata.

To wa ya kamata ya sayi wane? Malamin makaranta, ma'aikacin ofis, ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko uwargida mai zuwa kasuwa daga Zariya ko Ali Ɗan Sofo, wanda tafiyarsa ta yini ba ta wuce kilomita 15 zuwa 20 a kan kwalta, babur mai batirin dalma 60V 20Ah ya ishe shi har a tsakiyar Janairu, muddin yana caji kullum kuma ya sa a ransa cewa zai canza jeri bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Idan da hali, ya ƙara kuɗi ya sayi caja mai auna zafi da mai kashe kanta bayan awannin da aka saita mata; ita ce sayayya mafi amfani a duk kayan. Mai kabu-kabu da ke ɗaukar fasinja, yana shiga rairayin unguwanni, yana tashi yana tsayawa tun asuba, kada ya ɓata kuɗinsa a kan dalma 20Ah. Zai riƙa kai shi ƙasa kullum, ba zai ga hunturu biyu da shi ba. Nasa LFP ne mai 30Ah ko fiye, daga hannun wanda zai buɗe akwatin ya nuna ƙwayoyin da BMS ya kuma rubuta garanti. Mai zirga-zirgar ƙauyuka ko hanyar Ɗan Isa, inda babu tabbacin wurin caji a ɗaya ƙarshen, har yanzu babur mai esansi ne ya fi masa, sai in zai ɗauki batir na biyu a baya.